Sanduna Masu Jan Ƙyalle

Litinin, 5 ga Mayu

Baba Mai Gona ya yarda! Bayan duk sintirin da na yi ƙofar gidansa. Gonarsa ta bakin fadama ce kaɗai ta rage inda tsuntsayen nan, zakaran ƙeƙuwa, ke yin ƙwai. A ƙasa tsirara suke yi, ɗan rami da tsakuwa, ƙwan kuma kalar ƙasa sak, sai ka taka ba ka sani ba. Ba zai fasa huɗa ba, amma duk inda na kafa alama tarakta za ta kauce. Ya ce, "'Yata, bana kawai. In ba a ga 'ya'ya ba, baɗi kada ki wahalar da takalminki." Oga ma haka ya ce a ofishin ƙungiyarmu ta kare tsuntsaye: in babu sakamako, a cire gonar daga wuraren da muke karewa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Sheƙa goma sha ɗaya. Kowace na kafa mata sanda da jan ƙyalle a gefe, yadda aka koya mana. Tsohon zanen Yaya na yayyaga. Da na dawo gida ta ce tsuntsaye sun fi ta gata, ita ko ruwa ban taɓa miƙa mata da wannan rawar jiki ba. Dogo, direban taraktar, ya sa mini suna Malamar Tsuntsaye. Oho dai.

Asabar, 10 ga Mayu

Biyu babu ƙwai. Ramin wayam.

Talata, 13 ga Mayu

Wasu uku. Na tare Dogo a bakin gona na zazzage masa tas, har da ce masa marar imani. Ya kai ni ya nuna mini sawun tayarsa, yadda ya zagaye kowace sanda kamar mai kauce wa kabari. Ya ce, "Malama, ni ma ina da 'ya'ya." Kunya ta rufe ni. Ban ba shi haƙuri ba, bakina ya ƙi.

Na tsinci ɓawon ƙwai ɗaya, an huda shi ta gefe an shanye.

Laraba, 14 ga Mayu

Na gani da idona. Ina ma ban gani ba.

Na zauna cikin mota da madubin hangen nesa. Hankaka ya sauko daga wayar lantarki, bai yi wani neme-neme ba, kai tsaye ya dira kan sandata. A kan jan ƙyallen ya zauna, yana karkata kai. Uwar ta tashi tana ihu tana kai masa sura, ya ja ta can gefe, sai ɗan'uwansa ya sauka ta baya ya ɗauke ƙwan. Da suka gama, suka wuce sanda ta gaba.

Wato sun gane. Jan ƙyalle, abinci. Ni na shimfiɗa musu tabarma na ce bismillah. Tsuntsun da ya ɓoye ƙwansa tun kafin a haifi kakata, ni na zo da takardar makaranta na nuna wa ɓarawo ƙofa.

Na tuge sandunan duka, har hannuna ya yi kanta. Huɗu suka rage.

Juma'a, 16 ga Mayu

Oga ya ce a nemi izinin kafa wa hankaki tarko, amma kafin izinin ya fito lokacin ƙwai ya wuce. Ya ce, "Ki ci gaba da dubawa kullum, muna bukatar adadi." To. Tun da babu sanduna, kowace safiya ni ke zagayawa in nuna wa Dogo da hannu.

Ban ci abinci ba. Yaya ta ce in na mutu saboda ƙwan tsuntsu ba za ta karɓi gaisuwa ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Saura biyu. Ta yaya? Babu ƙyalle ko ɗaya a gonar!

Talata, 20 ga Mayu

Ina tsugune gaban sheƙa ina ƙirga ƙwai, sai na ji kamar ana kallona. Na ɗaga kai. Hankakin suna jere a kan waya, shiru. Na tashi na matsa, suka matso. Na gwada tsugunawa a wurin da babu komai, na ɗan jima, na tafi. Kafin in kai mota biyu sun sauka daidai wurin suna tono.

Ba sanda suke bi ba yanzu. Ni suke bi. Wannan shuɗiyar hular ƙungiya da nake taƙama da ita.

Da yamma sheƙar da na duba ita ma ta tafi.

Laraba, 21 ga Mayu

Saura ɗaya, ta can lungun da tsohon injin ban ruwa yake. Ita ce wadda nake yawan ƙyalewa don taɓon wurin na cinye mini takalmi. Lalacina ne ya cece ta, ba ƙaunata ba.

Na je wurin Baba Mai Gona, ban ɓoye komai ba. Na roƙe shi ya bar lungun nan gaba ɗaya, daga injin zuwa magudana, kada kowa ya taka, har ni. Ya ce wurin ya fi ko'ina albarka. Dogo ne ya sa baki: "Baba, ko ka ce in shiga, tarakta za ta kafe." Ƙarya yake yi, mu duka mun sani. Baba ya ce to.

Na ba Dogo haƙuri. Ya ce na mene ne.

Litinin, 26 ga Mayu

Ban je ba. Ƙafata har ƙaiƙayi take yi. Oga ya tambayi adadi, na ce ban sani ba. Ya ce ba a rubuta "ban sani ba" a rahoto. Na ce to yau a fara.

Asabar, 31 ga Mayu

Ban je ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Dogo ya bugo waya da sassafe, ana jin ƙarar inji a bayansa. Wai daga kan tarakta ya hango wasu 'yan abubuwa kamar ƙulun auduga suna gudu a bayan uwar. "Malama, ki zo ki gani mana!"

Na ce aiki ya yi mini yawa. Na zauna a bakin gado har Yaya ta leƙo ta ce me ya sami idona. Na ce mura.

Hular tana ƙarƙashin gado tun makon jiya.

Sai da na ajiye wayar na tuna ban tambaye shi su nawa ba ne. Ban kuma sake kira ba.