Mai Gadi a Fim ɗin Bafaranshe

Zariya

Masahudu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ƙanwarka Nusrat za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka, don a waya ba ka bari in kai aya.

Na ji bayaninka. Ka ce wani tsohon Bafaranshe, Arman Besse, ya gan ka a ƙofar otal ɗin da kake gadi a Doha, yana so ka fito a fim ɗinsa. Ka ce shi yake rubuta labaransa, ya yi na masunta, ya yi na ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma ba ya ɗaukar 'yan wasa sai masu sana'ar da kansu. Duk na ji. Amma gadi na sa maka albarka ka je ka yi, ba wasan kwaikwayo ba. Yau mai gadi za a ce ka fito, gobe a ce ka riƙe hannun wata. Ban yarda ba. Ka kula da sallah.

Mahaifiyarka

*

Bin Omran, Doha

Umma,

Ina gaishe ki da ladabi. Na faɗa wa Bafaranshen. Ya ce in ba shi lambarki ya roƙe ki ta bakin tafinta. Na ce kada ya wahalar da kansa. Shi ma kafil, wato ubangidana a nan, ya riga ya ba ni hutu, na mayar. Bafaranshen ya ɗauki Issifu, ɗan Kumasi da muke ɗaki ɗaya. Tsohon ya ce wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe, idanunsa sun gaji. Khalas, Umma, ya wuce. A sa mini albarka.

Ɗanki, Masahudu

*

Zariya

Masahudu,

Ina fatan kana lafiya. Ka yi daidai, kuma ba na son wannan "khalas" ɗin da ke nuna kana fushi. Wanda ya bi iyayensa bai taɓa asara ba. Nusrat ta ce ka rame a hoto. Ka riƙa cin abinci.

Mahaifiyarka

*

Bin Omran, Doha

Umma,

Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri kan daɗewar da na yi ban rubuto ba. An nuna fim ɗin a wani zaure kusa da Corniche, a bakin teku. Kamfaninmu aka ba tsaron wurin, ni ne a ƙofa, don haka tafi kawai na ji. Tsohon ya fito yana dogara sanda, ya gane ni, ya riƙe hannuna ya daɗe. Issifu ya tafi Faransa, an ba shi gurbin karatu. Na tura wa Nusrat fim ɗin. Ba dole ne ki kalla ba.

Ɗanki, Masahudu

*

Zariya

Masahudu,

Ina gaishe ka. Na kalla, sau biyu, Nusrat tana karanta mini fassarar da ke fitowa a ƙasan hoton.

Ban ga mace ko ɗaya kusa da mai gadin ba. Mutum ne a tsaye bakin ƙofa, ana wucewa ba a gaishe shi, ya cire takalmi ya yi sallah a kan kwali bayan injin sanyi. Ban san haka kake wuni ba. Ba ka taɓa faɗa mini ba, ko kuwa ka fara na katse ka.

Uwar da ke kiransa a waya, na gane daga wa tsohon ya samo ta. Faɗan duk nawa ne. Sai dai ita a ƙarshe ta tambaye shi ko ƙafafunsa na ciwo.

Yaron Kumasin ya yi ƙoƙari, amma tsayuwar taka ce ya ara.

Na sa Nusrat ta duba ko tsohon zai sake wani. Ta ce a'a. Idan Allah Ya kawo wani irinsa, kada ka rubuto mini sai ka amsa masa.

Yaya ƙafafun naka?

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka