Tutar Da Ta Ƙi Tsayawa

Asabar, 1 ga Maris

Yau ma abokina Injiniya ya cinye ni a filin golf. Ba iyawa ya fi ni ba, na'ura ce. Ɗansa ya aiko masa da ɗan abin nan na auna nisa: ka kara a ido ɗaya, ka saita tutar da ke bakin rami, ka danna, hasken leza ya je ya dawo, ta yi zirr a hannunka, ta rubuta maka ko yadi nawa ne. Shi yana zaɓen sandar bugu da lissafi, ni ina ta kintace. Dole in sayi tawa.

Na dawo da haushina, 'yata Auta ta ƙara mini wani. Yarinyar da ni na koya wa riƙon allura, na ba ta kujera a asibitin haƙorina, yau ita ke cewa, "Baba, ka bar mini allura da cirewa, kai ka riƙa dubawa kawai." Wai ta ga hannuna yana rawa. Tun kafin a haife ta nake cikin bakin mutane, ban taɓa huda wa kowa kunci ba. Na ce mata ranar da na ajiye allura, ta sa a sauke sunana daga allon ƙofa.

Talata, 4 ga Maris

Shagon kayan wasanni. Na'urorin kala-kala: mai lissafa tudu da gangare (kuma wai an hana kunna wannan a gasa, to amfaninsa me?), mai manne wa ƙarfe, wadda ruwa ba ya shiga. Mai shagon surutu kamar rediyo. Ya ɗauko wata baƙa mai nauyi, wai tana riƙe hoto wuri ɗaya ko da hannu ya motsa. "Manyanmu sun fi son wannan, ranka ya daɗe." Na tambaye shi wa ya ce masa tsufa na zo saye. Na ɗauki ƙaramar, fara.

Asabar, 8 ga Maris

Tarkace! Na saita tuta, ta ce ɗari da arba'in. Na sake dannawa, ɗari biyu da goma. Na uku, casa'in. Bishiyoyin bayan ramin take kamawa, ko wace ciyawa oho. Zirr ɗin nan ko sau ɗaya ban ji ba. Mutanen da ke bayanmu har sun fara tari na ƙarya.

Injiniya ya ce in kawo ya gani. Yana karawa a ido ta yi zirr. Ya miƙo mini abata. Na ce masa ai sai da na gama ɗumama mata batir.

Litinin, 10 ga Maris

Na mayar. Na karɓo wata, ruwan toka.

Laraba, 12 ga Maris

Ina duba wata malamar makaranta, ɗan madubin ya taɓa haƙorinta, ƙyas ƙyas. Ƙarfe da haƙori, ba dole su yi ƙara ba? Amma Auta da ke ɗaya kujerar ta ɗago kai. Na san wannan kallon, na uwarta ne. Bayan an tashi ta biyo ni wajen wankin hannu, wai akwai likitan jijiya da ta sani, ba ya ɓata lokaci. Na ƙara buɗe famfo.

A gida kuma na lura maiɗakina ta daina kawo mini shayi a kan ɗan faranti. Kofi tsura. Na tambaya, ta ce farantan sun tsufa. Jiya na gan su a kabad, ƙalau.

Asabar, 15 ga Maris

Ruwan tokar ma kanwar ja ce. Na jefa ƙwallo biyu a tafki saboda ƙaryarta. Injiniya ya ce, "Likita, me zai hana ka riƙe da hannu biyu, ka danne gwiwar hannu a ƙirji?" Na ce shi me zai hana ya kula da ƙwallonsa. Da hannu biyun ma na gwada a bayan wata bishiya inda ba ya gani. Duk ɗaya.

Kamfanonin nan ba su da tsoron Allah.

Talata, 18 ga Maris

Mai shago ya ce zai canza mini ta uku, amma shi fa ya gwada biyun da na dawo da su, lafiyarsu lau. Ya sake kallon baƙar nan, na kalle shi, ya mayar da idonsa. Na ce zan gwada wannan a gida a gaban shaida, in kuma ta yi ƙarya har masu kamfanin sai sun ji daga gare ni.

Laraba, 19 ga Maris

Abin da ya faru yau da yamma.

Na sa maiɗakina ta tsaya can bakin ƙofar gida riƙe da sandar goge ɗaki a matsayin tuta, ni ina baranda. Ta yi ta mita tana da tukunya a wuta. Na kara na'urar a ido. Tana kusanto da abu sosai, har zanen ɗankwalinta ina gani, amma matar nan ta ƙi tsayawa. Ta yi dama, ta yi hagu, sandar na ta lilo.

Na ɗaga murya na ce, "Ki tsaya wuri ɗaya mana! Rawa na ce ki yi?"

Ta ce, "Baban Auta, ko motsi ban yi ba."

Na ce ina ganin ki da idona. Na sake dubawa don in kama ta. Tana rawa, haka ne. Amma ƙofar ma rawa take yi. Katanga ma. Har motar maƙwabci.

Na sauke na'urar na ɗora ta a kan bangon baranda, na sunkuya na leƙa ba tare da na riƙe ba. Komai ya tsaya cak. Na danna da ɗan yatsa ɗaya. Zirr. Yadi ashirin da uku. Na sake, zirr, ashirin da uku.

Ga fuskarta nan a cikin gilashin, kusa da ni kamar in taɓa. Ba sandar take kallo ba, ni take kallo. Kuma babu alamar mamaki a fuskar, wannan shi ya fi yi mini ciwo. Na ce ta tafi ga tukunyarta.

Alhamis, 20 ga Maris

Ban yi magana da kowa ba. Gajiya ce. Shayi ma ya yi mini yawa kwanan nan.

Asabar, 22 ga Maris

Ban je fili ba. Injiniya ya bugo waya, na ce ina da baƙi. Na zauna ina kallon hannun nan a kan gwiwata, haushinsa kamar in mare shi da ɗayan. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan, tunda ba wanda zai karanta wannan.

Litinin, 24 ga Maris

Na biya shago da safe na karɓi baƙar. Jakar da ta zo a ciki ce ta burge ni, ba wani abu ba. Mai shago ya yi hankali yau, bai ce komai ba sai godiya.

A asibiti na tarar da tsohon direban nan da nake yi wa aiki tun yana da haƙora cikakku. Haƙorinsa na turmi na ƙasa ya ruɓe, sai cirewa. Auta ta ce masa ya hau kujerarta, ya ce a'a, shi babban yake jira, "hannun Likita ba ka jin sa." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na sa safar hannu, na zuƙo maganin kashe zafi a sirinji, ya buɗe baki ya rufe ido, ya sakar mini kansa gaba ɗaya. Na kawo allurar daf da dasashinsa. Tsinin yana ɗan lilo.

Na ce, "Auta, zo ki yi wannan, ina so in ga yadda kike shiga ta ciki."

Ya kamata ta saba da tsofaffin marasa lafiyana, shi ke nan dalilin. Ta karɓa ba ta kalle ni ba, Allah Ya yi mata albarka. Direban ya buɗe ido ɗaya, na ce masa ina nan, ya kwantar da hankalinsa. Na tsaya a bayanta ina gyara mata fitila har aka gama.

Ta tambaye ni a hankali ko ta yi daidai. Na ce ta ɗan yi sauri. Hannunta kuwa ko gezau bai yi ba. Ni na koya mata.