Kada Ki Zuba Ruwa a Bayansa

Abai, mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen Kwetta, can Pakistan? Ni lafiya lau nake a garin Shepparton, nan Ostiraliya, tsinkar tuffa ce kawai take ɗan taɓa min baya.

Iyalan da suka tsaya wa ƙanena Nauruz sun ce bizarsa ta kusa fitowa. Kafin nan ki hana shi zuwa kasuwar gwari. 'Yan bindigar nan masu farautar ƙabilarmu fuska suke dubawa, tasa kuwa ta Hazara ce sak.

Ranar tafiyarsa ki ratsa da shi ƙarƙashin Alƙur'ani, amma kada ki zuba ruwa a bayansa don ya dawo, kamar yadda muke yi wa matafiya. Kin zuba wa Baba, kin kuma ga yadda aka dawo mana da shi.

Allah ya tsare min ku.

'Yarki,
Nikbakht