Rumbun Wanda Bai Dawo Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni ce Fanta 'yar Umar, ta unguwar Birni a nan Damagaram, wadda rabin gari suka sani da Madam Tarihi saboda daɗewar da na yi ina koyarwa a kolej. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, likita ya daina kallon idona in yana magana, amma hankalina garau yake, kuma ba wanda ya sa ni wannan rubutu. Zuwa ga 'ya'yana uku: Lawali, Zuliha, da autana Yunusa.

Na ɗaya. Gida da kayan ɗaki, malamai su raba muku yadda Allah ya ce. Tsohuwar taswirar Turai da ke ɗakina kuwa, kada a jefar. Zuliha ta ɗauka ta rataye kusa da talabijin ɗinta, inda idonta zai riƙa faɗawa duk sa'ad da ake jawabi jininta ya fara tafasa.

Da taswirar nan na yi ta nuna wa 'ya'yan mutane yadda duniya ta kama da wuta a 1914. Faransa da Ingila sun daɗe suna harare-harare, tsoron Jamus ya sa suka shirya, kuma a cikin shirin nasu suka gyara layin da ya raba mu da Kano, ba su tambayi kowa a Damagaram ba. Rasha ta ƙulla da Faransa, Jamus ta ƙulla da Ostiriya, Italiya ta yi alkawari da wannan ɓangare ta je ta yi yaƙi a wancan. Kowace ƙasa tana cusa wa yaranta cewa ita aka wulaƙanta, kuma ita ta fi kowa. Sai wani saurayi mai zafin kishin ƙasa ya harbe yariman Ostiriya. Rigimar ƙasa biyu ce, Ostiriya da wata ƙaramar maƙwabciyarta, amma kowa yana da wanda ya yi alkawarin shigar masa, kowa kuma yana jin kunyar ja da baya. Kafin mu yanke gero a nan, manyan ƙasashen Turai sun afka wa juna.

Na koyar da wannan har muryata ta dishe. Ɗalibaina sun haddace, sun ci jarrabawa, yau ga su da furfurarsu a shataletale suna ɗaga tutar wata babbar ƙasa suna ƙona ta wata. Ba na kewar Faransawan da aka kora, Allah ya sani, don su suka ɗauke mana ɗan gida, Ari, wanda zan zo kan labarinsa. Amma ban taɓa karanta labarin babbar ƙasar da ta zo da bindiga saboda tana ƙaunarmu ba. Wahalata ta tashi a banza, kuma abin yana ci mini rai.

Na biyu. Lawali da Zuliha, ku kashe rigimarku kafin a ɗauki makarata. Kun tuna farkonta? Ranar sunan 'yar Lawali, ya ce rufe iyaka ya kashe masa fataucin kayan Kano, Zuliha ta kira shi karen farautar Turawa, shi kuma ya ce duk wanda ya hau kujera albashinta na zuwa, shi ya sa bakinta ke zaƙi. Maganar da ya kamata ta mutu tare da garwashin shayi. Amma mijin Zuliha ya shigar wa matarsa, surukan Lawali suka shigar masa, 'ya'yan kawunku na Mirriya suka rabu biyu, har ɗaya daga cikinsu ya kwana a ɓangaren Lawali ya wayi gari a na Zuliha da ya buƙaci takarda a ofishinta. Mu ma mun samu Italiyarmu. Ina kwance ina kallon darasina yana faruwa a tsakar gidana. Zuliha, ke ce ƙarama, ke za ki je. Lawali, ka fito zaure ka tarye ta. Ku biyu kaɗai, kada miji ko mata ko suruki ya raka kowa.

Na uku, gonar Ari da ke Gaffati. Kun san sunan, amma ban tabbata kun riƙe labarin ba. Ari ƙanen kakana ne. A tsakiyar wancan yaƙi kumandan Faransawa ya ɗora wa kowane gari adadin samarin da zai bayar, aka ɗaure Ari cikin ayari aka yi yamma da shi. Bai san inda Jamus take ba, bai san wane yarima aka harbe ba. Bai dawo ba, kuma ba a aiko cewa ya mutu ba. Mahaifiyarsa, Ya Tani, ta hana a yi masa sadakar mamaci, ta hana a raba gonarsa, ta ce ita ba ta ga gawa ba. Ta sa aka gina masa rumbu, kowace kaka a zuba damin fari a ciki don in ya dawo kada ya tarar da yunwa. In sabon gero ya zo, a ba matafiya tsohon. Zuri'a duka kuma su haɗu rana ɗaya su yi noman fari tare. Haka kakana ya yi, haka mahaifina, haka yayyena har suka rasu riƙon ya faɗo hannuna. Da ƙuruciya dariya nake yi wa al'adar, ina cewa wace irin tsohuwa ce ke ciyar da mutumin da ƙasar Turai ta cinye. Damina biyu ke nan ba ku haɗu a gonar ba saboda rigimarku, sai 'yan ƙwadago.

Na tara 'ya'yan kawunanku, na tambayi malamai, kowa ya yafe haƙƙinsa. Jiran ya isa. Ranar sadakata ta uku a haɗa da ta Ari, a yi masa addu'ar da aka hana shi, a buɗe rumbun a rabar. Gonar kuwa an ba Yunusa. Kyauta ce tun ina da rai, gaban shaidu, don magaji ba a yi masa wasiyya. Sharaɗi ɗaya ne: ya zauna ya noma ta da kansa.

Na huɗu, kai Yunusa. Na san ka gaji. Ka yi karatu, ka samo digirin lisansi, ka ƙare a bakin titi kana shan shayi, yayanka na jan ka nan, yayarka na jan ka can. Na kuma san mutumin da ke kiranka a waya yana maka alkawarin aikin gadi a ƙasar sanyi, ƙasar da ke cikin yaƙi da maƙwabciyarta. Ɗana, ƙasar da samarinta ke ƙarewa a fagen fama ba mai gadi take nema ba. Ari da igiya aka tafi da shi. Kai za ka kai kanka da ƙafarka, har ka yi musu godiya. Manyan da ke faɗa yau gobe za su zauna su sha hannu, kamar yadda Faransa da Jamus suka yi daga baya, kuma ba wanda zai tambayi inda ɗan Fanta ya faɗi. Na ba ka gona don ba ni da wani abin da zan riƙe ka da shi. Amma na ga hotunan paspor a aljihun rigarka, na ga yadda kake sunkuyar da kai in na yi magana. Ba na jin na ci nasara.

Na biyar. Zuliha ta yi mini wanka. Lawali da Yunusa su sa ni a kabari, su biyun. Yunusa, ko ka ƙi komai, ka jira wannan.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya raya zuri'arku, ya tsare ku daga yaƙin da ba naku ba. Ku riƙe juna, don ranar da abu ya ɓaci ba tutar da za ta zo muku gaisuwa. Lawali, Zuliha, idan ƙanenku ya zauna, ku je ku taya shi noman fari kowace shekara. Idan kuwa ya tafi, ku manta da abin da na ce game da rumbun. Kada ku buɗe shi, kada ku raba gonar, kada ku yi wa ɗana sadakar mamaci sai kun ga gawa. Yanzu na gane Ya Tani. Ku ci gaba da zuba damin fari kamar kullum, sunan kawai za ku sake.