Kamfas Bisa Buzun Salla

Zuwa ga ƙanena Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya iyali da sanyin Jos? Mu nan Kusada lafiya lau.

Na yi laifi. Ka san na rantse ba zan taɓa kayan kantinka ba, tunda na wasan Turawa masu hawan duwatsu ne. To, kamfas ɗin da ka aiko wa maigidana, na'urar nan mai nuna gabas da yamma, na aza shi bisa buzun sallata. Allurarsa ta nuna shekara ashirin ina karkace wa alƙibla. Malam ya ce sallolina sun inganta, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ka sa ni cikin addu'a, ka gaida Hajara. Rantsuwar ban riƙe ta ba, gobe zan fara kaffara.

Yayarka,
Hauwa