Na Mayar da Wayar Mutane a Wanke

Zuwa ga Innata, Malama Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ban girma daga 'yarki Asabe, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma tun ina yarinya, idan na gama aiki ke nake fara kawo wa ki duba, kuma har yau ban iya dainawa ba.

Kin bar ni ina buga takardu a ofis. Bayan rasuwarki na koma makaranta, furfura ta riga ta fara leƙowa, na koyi rubuta umarnin da kwamfuta ke bi. Yanzu duk Asabar mata kan taru a zauren gidana ina koya musu. Babu allo da tawada irin naki, amma zaman ɗaya ne: tabarma, takalma a bakin ƙofa, da wadda kullum sai an fara take shigowa da goyo.

Inna, kwamfuta ba ta jin maganar mutum. Akwai wata manhaja da muke kira tafinta. Ki rubuta umarni layi-layi, shi ya karanta, ya gaya wa na'ura abin da za ta yi. A yadda aka saba, sai an girka shi a cikin kwamfuta ko waya, ya sami wuri ya zauna daram. Nan matsalata ta taso, domin yawancin ɗalibaina da wayar aro suke bita a gida: ta miji, ta ƙane, ta maƙwabciya.

A ofis aka ce mini, “Haba Hajiya, su girka kawai mana, wa zai sani?” Ni kuwa sai na tuna turmin da muka aro wurin Gwaggo Dije. Na dawo da shi daga daka, na wanke cikinsa, zan miƙa, kika juya shi kika nuna mini yajin da ya maƙale a gindinsa. Kika ce, “Asabe, haka ta ba ki shi?” Iyakar abin da kika faɗa ke nan, kuma bai bar kunnena ba.

Sai na nemi wata hanya. Kowace babbar waya tana da burauza, wato inda ake buɗe shafukan intanet. Idan tafinta zai iya aiki a cikin shafi, to babu abin da za a girka wa kowa. Waɗanda suka rubuta tafintan sun ba kowa izinin ya ɗauka ya gyara, kuma sai da na karanta sharuɗɗansu har ƙarshe kafin na taɓa shi. Da wani tsohon yare mai suna C suka rubuta shi, burauza kuwa ba ta jin wannan yare. Dole na juya shi gaba ɗaya zuwa wanda take ji, kamar yadda ake kai dawa inji ta dawo gari.

Juyin farko ya fito ƙato, kafin ya buɗe datar mutum ta ƙare. Na zauna ina tsince shi yadda kike tsince shinkafa a faifai, duk abin da mai koyo ba ya buƙata na fitar. Sai kuma ya nemi ya shiga ma'ajiyar waya kamar yadda ya saba a kwamfuta, burauza ta hana shi. Wallahi wannan hanin ya yi mini daɗi. Baƙo ne, a zaure zai tsaya, ba zai leƙa ɗakin masu gida ba. Na yi masa ɗan wurin ajiya na wucin gadi a cikin shafin, wanda da zarar an rufe ya ɓace.

Ranar da ya fara amsawa, “Sannu da zuwa” na sa ya rubuta. Na karanta kalmomin, sannan na tashi na yi alwala.

Yanzu bari in ba ki labarin Saratu. Matar soja ce a barikin Shadawanka, mijinta yana bakin daga. Duk ajin babu mai kaifin kanta, da za ki so ta. Wayarta ƙarama ce mai madannai. Tana taya wata 'yar kasuwa, Mama Chinedu, jiran shagon kayan masarufi a bakin bariki, ita ke ara mata babbar wayarta idan ciniki ya lafa. Da wayar nan matar ke ganin saƙon masu biya ta banki, kin ga ba ƙaramar amana ba ce.

Wata rana Saratu ta rubuta umarnin a yi ta ƙirga, ta manta ta faɗi inda za a tsaya. Duk mai koyo sai ya yi wannan. Tafinta kuwa ba ya musu, ya kama ƙirga ba ji ba gani. Waya ta ƙame, ta ɗauki zafi, ga masu saye a tsaye suna jira. Sai da aka kashe ta da ƙyar. Mama Chinedu ta karɓe abarta ta ce, “Saratu, karatun nan ya isa. Wayana ba makaranta ba ne.”

Asabar ta zo, Saratu ta durƙusa a gabana. “Malama, a yafe mini, zan dakata. Ba na son in ɓata da matar da ke rufa mini asiri.” Na ce ta tashi, gyaran nawa ne, kuma na san inda yake.

Na san shi kuwa, Inna. Tafinta da shafin a ɗaki ɗaya suke aiki, idan ya shagala babu mai jin ƙwanƙwasa ƙofa. Sai na ware masa nasa ɗaki a gefe, na bar shafin a farke, na sa jan maɓalli na rubuta masa “Tsaya”. Na bi abokan aiki ina roƙon tsofaffin wayoyinsu, da izininsu, ina gwada mafi munin umarnin da zan iya rubutawa. Ko ɗaya ba ta ƙame ba.

Bayan la'asar na hau keke mai ƙafa uku zuwa Shadawanka da kaina, don ba a aika haƙuri irin wannan. Na gaishe da Mama Chinedu, na ba ta haƙuri, na fara nuna mata a tawa wayar. Ta harɗe hannu ta ce, “Hajiya, naka waya ne wannan. In nawa ya sake kamawa fa?” Na ce mata ba ni zan tsayar ba, ita za ta tsayar da yatsanta.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta zaro wayar daga ɗaurin zaninta. Saratu ta sake rubuta umarnin nan da gangan. Lambobi suka kama gudu. Mama Chinedu ta danna jan maɓallin, suka tsaya cak. Ta ce, “Sake!” Aka sake, ta danna. A na uku dariya take yi har tana kiran mai shagon gefe ya zo ya gani.

Daga nan ta rufe shafin ta shiga bincike. Hotunan 'ya'yanta, saƙonnin banki, waƙoƙin cocinta, duk ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban hana ta ba, haƙƙinta ne. Ta ɗago ta ce, “Ba komai a ciki. To karatun ina ya tafi?” Saratu ta ɗora yatsa a goshinta.

Inna, a nan ne idona ya cika. Na gan ki a tsakar gida kina karɓar allona bayan na biya miki. Kina cewa, “Ya zauna? To je ki wanke.” A lokacin, haushi nake ji, in ga rubutun da na sha wahalarsa yana bin ruwa. Ashe abin da zan yi da rayuwata kike koya mini.

Saratu ta dawo aji. Sharaɗin Mama Chinedu ɗaya ne, ban da lokacin da sojoji suka taso daga aiki, shago ya cika. Yanzu har daga garin Miri wasu mata ke buɗe shafin a wayoyin mazajensu, su yi bita, su rufe, su mayar. Ba ni da fargabar komai a kansa. Na juya shi na duba har gindinsa.

Allah ya jiƙanki, Inna. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa duk harafin da matan nan suka koya ya zama nauyi a mizaninki, domin daga hannunki ya faro. Ya dawo wa Saratu da mijinta lafiya, ya saka wa Mama Chinedu da alheri. Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Asabe