Allurar Gejin Fijon Baba Andrawus

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Sati uku ke nan da barina garejin Modibbo na Gwallaga. Ba korata aka yi ba, ni na ajiye masa sifanarsa. Mutumin da bai taɓa buɗe littafi ba, wai shi ke ce min karatu ba ya tada mota.

Yau na samu aikina na farko ni kaɗai. Baba Andrawus na Inkil, tsohon direba, yana da fijo 504 da ta girme ni. Asabar auren 'yarsa Ƙauna, ta kafe a cikin motar za a kai ta coci. Komai lafiya sai gejin mai: allura na rawa, yau gaskiya gobe ƙarya. Baba ya ce, "Fahru, zuwa Juma'a. In ya gagara, Modibbo zan kai wa, shi ya saba da ita."

Ya kai masa aikin da na taɓa? Gwallaga kaf sai ta ji.

Talata, 6 ga Mayu

Na sauke tanki, na wanke, na yi masa baƙin fenti har sau biyu. Na sa robar tsohon tiyub tsakaninsa da ƙarafan da ke riƙe shi don kar ya riƙa ƙara. Sai ga wata guntuwar waya mai tsatsa daga saman tanki zuwa bodin motar, an ƙulle ta kamar igiyar akuya. Hannun Modibbo ne, ko a duhu na gane. Na datse ta, na nuna wa Baba: "Ka ga irin ƙazantar da ake maka." Ya juya ta a hannu, ya miƙo min.

Laraba, 7 ga Mayu

Allura ta mutu gaba ɗaya. Lita ashirin a ciki, tana nuna ko ɗigo babu.

Alhamis, 8 ga Mayu

Tun safe ina ƙarƙashin mota. Fis ɗin wuta lafiya. Na cire wayar da ke zuwa daga geji na taɓa ta da bodi, allura ta tashi fal. Ke nan geji da waya ba su da laifi. Na ce to fulotin ne, abin nan da ke iyo a cikin tanki yana gaya wa geji yawan mai. Na tafi har kasuwar 'yan gwangwan na samo wani, na ɗaura. Shiru!

Na bi zanen wayoyin da na sauke a wayata ta hannu layi-layi har idona ya yi ja. Bisa takarda dole ta yi aiki. Ƙauna ta leƙo da lalle a hannu: "Injiniya, in mai ya ƙare mana a hanya kai za ka goya ni, da farar rigar da komai." Na ce mata ta je ta ji da gashinta. Bai kamata ba. Dariya ma ta yi, abin da ya fi ƙona min rai.

Ban ci abinci ba. Na kasa zama.

Juma'a, 9 ga Mayu

Da hantsi Baba ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli, yana jira in ce na haƙura. Ina ƙasa ina ɗaure noti, sifana ta zame, ta tokare tsakanin murfin fulotin da ƙarfen bodi. Baba ya ƙwala ihu: "Ta motsa! Fahru, ta motsa!" Na janye sifana, allura ta kwanta. Na mayar, ta tashi.

Na daɗe a kwance ina kallon tankin nan mai ƙyalli. Wuta na zuwa, hanyar komawa jikin mota ce babu. Fentina ya toshe, robata ta raba, wayar da ke haɗa su kuma ni na datse. Tsatsa kawai ta ci bakinta shi ya sa allura ke rawa. Gogewa take so. Minti biyar.

A zanen ba a sa ta ba. To ni ina zan sani?

Na cire kan batir, na kankare fenti har ƙarfe ya fito fari, na ja sabuwar waya daga murfin zuwa bodi, na ɗaure tam, na shafa giris. Rabin tanki, daidai. Baba ya tambayi me ya faru. Na ce tsohon aiki ne ya lalace. Ban yi ƙarya ba. Kusan.

Asabar, 10 ga Mayu

Fijo ta kai amarya, ta dawo da ita. Duk hanya idona na kan allura, ko waƙarsu ban ji ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na je kwashe kayan aikina, na tarar da Baba cikin baƙi yana cika baki da ni: wai Modibbo ya ɓata, yaron nan ya gyara, daga yau ni ne mai motar. Abin da nake so ke nan tun Litinin. Sai na ji bakina na cewa, "A'a Baba, wayar Modibbo daidai take. Ni na yanke."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Na sani. Ina tsaye ya ɗaura ta, shekara goma sha biyar ke nan. Talata ka zo ka duba min fitilun baya."

Gobe ina da hanya ta Gwallaga. In na ga garejin a buɗe, wataƙila in yi sallama. Sallama kawai.